Bargon Ƙyallaye Domin Ɗari

Ɗari yakan tsananta a Ikara, Maƙarfi da Kudan daga Disamba zuwa Janairu, bargo kuwa da tsada. Matan ƙungiyoyinmu masu keken ɗinki, kada ku zubar da ƙyallayen atamfa. Ku wanke su tukuna, gama waɗansu sukan zuba. Ku harhaɗa su, ku sa tsohon zane a tsakiya, shafi a baya.

Mun ga zare ruwan toka ya fi shiga da launuka barkatai, fari kuwa yakan tona karkatar ɗinki. Zaren ƙasa ya bi launin shafi. Ku ja layuka miƙaƙƙu, tazarar yatsa 4, daga tsakiya zuwa gefe, don kada ya tattare.

Yaron da ke da bargo ba ya kwana bakin wuta.