Gwanjon Illela, suturar talakan Ƙonni

Kowace Lahadi, magidanta daga Ƙonni da Malbaza kan ƙetare iyaka zuwa kasuwar Illela ta jihar Sakkwato, neman gwanjo. Faɗuwar naira ke jan su: jikkar sefa, in an canza ta, ta fi auki a can.

Abin mamaki, shekara da shekaru diloli da yawa ta Ƙonni suka riƙa bi. Kafin 2023, a Kwatanu ake sauke su, su ratso Nijar, su shiga Najeriya ta ɓarauniyar hanya, domin dokarta ta hana shigo da tsofaffin tufafi.

Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake a 2023, mai ƙaramin ƙarfi ya ji jiki, don gwanjon nan ne rufin asirin ƴaƴansa lokacin ɗari.