Bitar Kai ga Malamin Firamare: Waiwaye a Kan Harshen Koyarwa a Cikin Aji

Gabatarwa

A ƙarshen kowane shirin darasi da malamin firamare yake rubutawa akwai fili inda yake nuna yadda zai auna fahimtar ɗalibai. Hedimasta yakan duba ya sa hannu, mai duba makarantu ma idan ya zo wannan littafi yake fara nema. Abin da ba a cika tanadar wa fili ba shi ne auna malamin kansa: me ya faɗa, da wane harshe ya faɗa, kuma wa ya fahimta? Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa bitar kai mai amfani ga malamin firamare ita ce wadda ta faro daga maganar bakinsa, domin a wannan mataki magana ita ce babban kayan aikinsa.

Ma'anar bitar kai

Tun a 1910 John Dewey ya bambanta aikin da mutum yake yi bisa sabo da wanda yake yi bayan tunani da bincike. Donald Schön (1983) ya ƙara fito da batun fili, inda ya raba bitar gida biyu: wadda ma'aikaci yake yi yana tsakiyar aiki, da wadda yake yi bayan ya kammala. Malamin da ya ga fuskokin yara sun yi shiru, nan take ya sauya misali, yana yin ta farko. Wanda ya zauna bayan an tashi yana tambayar kansa dalilin wannan shiru, yana yin ta biyu. Ta farko kusan kowane gogaggen malami yana yin ta ba tare da ya san sunanta ba. Ta biyun ce take wuya, domin tana buƙatar shaida, alhali mutum ba ya jin maganarsa yadda wasu suke jin ta.

Amsar taro da abin da take ɓoyewa

Nazarin da Sinclair da Coulthard (1975) suka gudanar a Birmingham ta Ingila ya nuna cewa zancen aji yakan bi matakai uku: malami ya yi tambaya, ɗalibi ya amsa, malami ya yanke hukunci a kan amsar. A ajujuwanmu masu cunkoso matakin tsakiya yakan koma amsar taro. Malami ya ce, "Kun gane?" aji ya ɗauka baki ɗaya, "E, malam!" Ko kuwa ya fara kalma ya ja muryarsa, "Biyu da biyu sun zama hu...", yara su ƙarasa, "...ɗu!" Keith Chick (1996), wanda ya lura da irin wannan ɗabi'a a makarantun Zulu na Afirka ta Kudu, ya fassara ta da cewa magana ce ta rufin asiri: malami ba ya jin kunyar cewa ba a fahimce shi ba, yaro kuma ba a kama shi da rashin sani ba. Kowa ya tsira da mutuncinsa, darasi ne kawai ya faɗi.

Ba a cewa amsar taro aibu ce ɗungurungum. Tana da amfani wajen hadda da gyaran furuci, kuma yaron da ya saba da karatun allo ba baƙonta ba ne. Inda take cutarwa shi ne idan malami ya ɗauke ta a matsayin shaidar fahimta. Tambayar "Kun gane?" ba ta da amsa biyu a bakin yaro ɗan shekara 7 da aka tarbiyyantar a kan kada ya musa wa babba. Saboda haka tambayar farko da malami zai yi wa kansa ita ce: cikin tambayoyin da ya yi yau, guda nawa ne za a iya amsa su ba tare da an fahimci komai ba?

Akwai kuma batun jira. Mary Budd Rowe ta gano a Amurka, a farkon shekarun 1970, cewa malamai sukan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku amsoshin yara sukan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru. Wannan ga yaran da galibinsu ake tambaya da harshen gidansu ke nan. To, yaya yaron da sai ya juya tambayar daga Ingilishi zuwa Hausa a zuciyarsa, ya samo amsa, sannan ya sake juya ta?

Wane harshe, don wane aiki?

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a muhallinsa, daga baya a koma Ingilishi. Kafin nan, Shirin Firamare na Shekara Shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970 ya gwada koyarwa da Yarabanci har ƙarshen firamare. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da harshen uwa a dukkan shekarun firamare, a 2025 kuma aka sanar da janye wannan tsari. Duk wannan kai-komo a takarda yake. A cikin aji malami yakan gauraya harsunan biyu, kuma ba gaurayawar ce abin dubawa ba, rabon aikin da ya yi musu ne. Sau da yawa za a tarar ma'anar darasi da tambayoyi suna zuwa da Ingilishi, Hausa kuwa sai wajen tsawa da aike da "ku yi shiru". Malamin da yake haka yana koya wa yara wani darasi da bai rubuta a shirinsa ba, wato harshensu na faɗa ne, ba na tunani ba.

Kuskure ko karin harshe?

Ko a darasin Hausa kansa akwai abin bita. Yaron Sakkwato da ya rubuta "wanga" maimakon "wannan", ko "ɗiya" maimakon "'ya", bai yi kuskuren nahawu ba. Karin harshensa ya rubuta. Wajibi ne a koya masa daidaitacciyar Hausa, amma jan biro ba tare da bayani ba yana sa ya ɗauka maganar iyayensa ce gurɓatacciya. Haka nan, tun da rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, yaron da ya karanta "gari" na zama a matsayin "gari" na tuwo, ko ya rikita "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, ya haɗa baƙaƙe da wasula daidai. Abin da ya rasa shi ne dogaro da sauran jimla, kuma maganin wannan daban yake da na yaron da bai bambanta "k" da "ƙ" ba. Wanda kuma ya kira 19 "ashirin ba ɗaya" ya riga ya san ɗebewa kafin a rubuta masa alamarta a allo. Malamin da ya ce masa "ba haka ake faɗa ba" ya zubar da tsanin da zai hau.

Hanyar samun shaida

Tunawa kaɗai ba ta isa ba, domin zuciya takan riƙe amsar yaran benci na gaba ta manta da na baya. Hanya mafi sauƙi ita ce malami ya ɗauki muryar darasinsa. Da can sai da rakoda da kaset, yanzu wayar hannu ta wadatar. Minti goma ya isa. Ya saurara da takarda a hannu, yana ƙirga tambayoyinsa, da wanda ya amsa, mace ko namiji, da inda ya sauya harshe da dalilin sauyawar. Idan abokin aiki zai zauna a bayan aji ya yi masa wannan ƙirga, ya fi, muddin ba da sunan sufeto ya shigo ba. Da zarar bita ta zama hanyar ƙarin girma ko horo, malami zai koma shirya darasin nuni. Daga abin da ya ji sai ya zaɓi abu guda ya sauya a mako mai zuwa, misali ya daina cewa "Kun gane?", ya riƙa kiran yaro ɗaya daga bayan aji ya maimaita bayanin da kalmominsa, sannan ya sake ɗaukar muryar ya kwatanta.