Askin Ɗan Koyo

A Gwiwa da Roni da sauran ƙasar Kazaure, ba a aji ake koyon aski ba. Makarantarsa ita ce gindin bishiya ranar kasuwa, ko ƙaramin shago mai janareta a bakin titi. Allon da ɗan koyo yake gwada hannunsa a kai kuwa, kan mutum ne. Domin haka ya kamata mu san abin da ke jiranmu sa'ad da mai shago ya ce, "Zauna, yaro zai fara maka."

Wanzanci gado ne. Ɗan wanzami yakan fara da ɗaukar zabirar ubansa, da wasa aska, da jiƙa kai. Sai ya daɗe yana kallo kafin a ba shi kawunan yara. Ƙaho da kaciya da askin jariri ranar suna kuwa, sai hannunsa ya nuna. Askin kilifa ya zo da nasa tsari. A 1921 ne Leo Wahl ya sami rajistar kilifarsa ta lantarki a Amurka. A can akwai makarantun aski, inda a jihohi da yawa ɗalibi yakan cika awoyi 1,000 zuwa 1,500 kafin ya sami lasisi. Mutane sukan je a yi musu aski da araha, malami yana tsaye yana dubawa. A nan mai shago shi ne malamin, in dai bai fita sayen fetur ba.

Wanda ya zauna gaban ɗan koyo, haƙuri yake biya fiye da kuɗi. Askin minti goma yakan kai rabin awa. Hannu yana rawa, kilifa tana fizgar gashi, layin goshi ya karkace. Ya rage dama domin ta yi daidai da hagu, sa'an nan hagu ta fi, har a ƙare da ƙwal kwabo ba da niyya ba. Ranar Lahadi a majami'a, na bencin baya su ne suka fi ganin aikin. Amma kada mu tsananta masa, gama gashi yakan tsiro wajen santimita ɗaya a wata, ba kuma gwanin da bai taɓa ɓata kan wani ba.

Inda haƙuri bai dace ba shi ne tsabtar kayan aiki. Ɗan koyo ya fi yawan yanka mutum, ko ƙaramin yanka kuwa ƙofa ce. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye, ta kuma fi ƙanjamau saurin kamuwa nesa ba kusa ba. Sai a 2004 ne rigakafinta ya shiga jerin allurar jarirai a Nijeriya, watau yawancin malamanmu da iyayenmu ba su same shi suna jarirai ba. Goge kilifa da kananzir ko fetur, kamar yadda wasu suke yi, ba abin dogara ba ne. A share gashin da buroshi, a wanke haƙoran kilifar, a jiƙa su da sifirit ko ruwan bilic na wasu mintoci. Reza kuwa a buɗe sabuwa a gaban idonmu. Tambayar wannan ba raini ba ne, ɗan koyon ma darasi yake ɗauka.

Wannan ya shafi ɗakunan kwananmu, inda ɗalibai suke yi wa juna aski daren da za a duba tsabta, reza ɗaya ta bi kawuna biyar. Ta haka makero yake zagaya ɗaki. Wanda ya ga farin tabo mai zagaye inda gashi yake kakkaryewa, ya tafi ɗakin shan magani, gama makeron kai ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha na makonni.