Gidan Tsofaffin da Ba Shi da Allo

Wanda ya bi kwalta daga Gidan Rumji ya ratsa Maraɗi, Cadawa da Agiye har Gazawa zai ga allunan makarantu, na asibitoci da na ƙungiyoyin agaji, amma da wuya idonsa ya faɗa kan allon da aka rubuta gidan tsofaffi. Muna ma tinƙaho da hakan, mu ce ai Turawa ne ke kai iyayensu ajiya. Sai dai gidan tsofaffin yana nan a kusan kowace unguwa. Ɗakin laka ne a ƙuryar gida, da tabarma, da buta, da ƙwaryar fura an rufe da faifai. Ma'aikaciyarsa matar ɗa ce, ko jikar da aka tsayar daga zuwa makaranta don ta zauna da kaka. Ba wanda ya koya mata aikin, ba kuma mai leƙowa ya ga yadda take yinsa. Saboda haka in za a yi maganar ingancin kula da tsofaffi a ƙasar Nijar, ɗakin nan ya kamata a shiga, domin a nan ake jinyar.

A ɗauki misalin shanyewar ɓarin jiki, wadda yawanci hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba ke kawowa. An kai dattijo asibiti, ya yi kwanaki, an sallame shi da takardar magani. Daga ranar da ya dawo gida ne ainihin jinya ke farawa, kuma makonnin farko su suka fi tasiri a kan ko zai sake taka ƙafarsa. Mai kwance da ba ya iya juyawa yana buƙatar a juya shi kusan duk bayan awa 2, in ba haka ba fatar ƙugu da ta diddige sai ta yi ja, ta yi duhu, ta fashe ta zama gyambon da kan ci har ƙashi. Hannun da ya mutu yana buƙatar a riƙa miƙe shi ana lanƙwasawa kullum, domin in an bar shi yatsu kan dunƙule, gwiwar hannu ta ƙage, har wanke tafin ya gagara. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan saurin kisa: a ɗura wa mutum kunu yana kwance rigingine. Maƙogwaron da cutar ta taɓa ba ya haɗiya daidai, kunun sai ya bi hanyar numfashi, bayan kwana biyu zazzaɓi da tari su taso, a ce ajali ne ya zo. Ajali gaskiya ne, amma da an tayar da shi zaune an ba shi da cokali sannu a hankali, da ba ta wannan ƙofar ya shigo ba. Duk wannan ba ya cin ko dala ɗaya. Sani ne kawai ba a kai wa mai jinyar ba.

Dalilin da sanin bai kai ba yana cikin yadda aka gina tsarin lafiyar Nijar. Daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa cibiyar lafiya ta CSI, hankali yana kan uwa da yaro: awon ciki, rigakafi, tamowa, zazzaɓin sauro. Kyautar magani da aka kafa a 2006 ta shafi yara 'yan ƙasa da shekara 5, da awon ciki da tiyatar haihuwa, tsoho kuwa da aljihunsa yake shiga. Kundin tsarin mulkin 2010, kafin a dakatar da shi a 2023, ya ɗora wa gwamnati kula da tsofaffi, kuma a 2024 hukumomi sun rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati. Ragin ya taimaki mai iya zuwa. Wanda ke kwance a wani ƙauyen Gangara, da sai an ɗora shi a amalanke kafin a kai bakin titi, bai san an yi ba. Ma'aikatan gashin jiki da aka horar kaɗan ne, kuma a manyan birane suke zaune.

Wani zai ce wannan duk surutu ne, tunda addini da al'ada sun riga sun ɗaure mu da haƙƙin iyaye, kuma ɗan halak ba ya yar da uwarsa. Haka ne, kuma gata ne da ya kamata a riƙe da kyau. Amma ƙauna ba ta hana gyambo, kuma gidan da al'adar ta dogara da shi ya sauya. Gonaki sun tsuke a yankin Agiye da Gazawa, gado ya yanyanka su, don haka da an gama girbi majiya ƙarfi sai su tafi cin rani Kano, Legas, Agadas ko Libiya. Su aiko da kuɗi ta waya, kuɗi kuwa ba ya ɗaga tsoho ya kai shi makewayi. Matar da aka bari tana daka, tana ɗebo ruwa, tana goyo, ga surukin da kunya ta hana ta buɗe masa jiki ta duba bayansa, shi ma kunya ta hana shi cewa ya ɓata shimfiɗa. A Gidan Rumji abin ya ƙara nauyi tun 2019, lokacin da dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suna gudun 'yan bindiga, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. A cikinsu akwai tsofaffin da suka bar dangi da maƙwabtan shekara hamsin a baya.

To, a gina gidajen tsofaffi ke nan? Abin da ya faru a Faransa ya isa ya sa a yi hattara. A farkon 2022 ɗan jarida Victor Castanet ya fitar da bincike a kan kamfanin Orpea, mai ɗaruruwan irin waɗannan gidaje, inda ya nuna ana ƙididdige abinci da ƙunzugun tsofaffi don riba, ma'aikata kuma ba su isa ba, duk da tsadar kuɗin da iyalai ke biya. Gini mai kyau da gado na zamani ba su hana wulaƙanci ba, domin inganci yana ga yawan hannayen da ke aikin, da abin da suka sani, da kuma ko akwai mai sa ido. In ƙasa mai arziki ta yi tuntuɓe a nan, gidan da za a buɗe a Gazawa da kuɗin wata ƙungiya na shekara uku zai iya zama wurin jibge waɗanda aka gaji da su. Wanda ba shi da kowa dai dole a nema masa mafaka, amma irinsa kaɗan ne a kan masu dangi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ga mai jayayya ita ce ta lissafi. Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, masu 65 zuwa sama ba su cika 3 cikin 100 ba, kuma jihar Maraɗi da ta ga yunwar 2005 ba za a ce mata ta janye ido daga yara ba. Ba a ce a janye ba. Yarinyar da aka cire daga aji don jinyar kaka ai yarinya ce, uwar da jinya ta cinye wa yini ita ce mai shayarwa. Abin da ake buƙata kuma bai kai tsadar gini ba, kuma akwai samfurinsa kusa. A Danja, kudu da Maraɗi, asibitin masu cutar kuturta ya daɗe da gane cewa magani kaɗai ba ya ceton ƙafa, sai an koya wa mai ita jiƙa ta a ruwa, shafa mata mai da duba ta kowace rana. Haka za a yi da mai jinyar tsoho: kada a sallami mai shanyewar jiki sai wadda za ta kula da shi ta juya shi da hannunta a gaban malamin asibiti, ta zaunar da shi ta ba shi kunu. Wakilan lafiya na ƙauye da ke bin gida-gida suna auna damtsen yara su ɗauki abin auna jini su shiga ɗakin ƙurya. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi kan wuce digiri 40 kuma tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, su duba ko ruwan butar ya ragu tun safe.