Akwai Mai Bin Mamacin Nan Bashi?

A ƙasar Hausa ba a ɓata lokaci da gawa. Mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an ɗora a makara, an sallace shi a ƙofar gida, an kai shi makwancinsa. Sai dai in cikin dare rai ya yi halinsa, sannan ya yi kwanan keso, da safe a yi masa sutura. Sallar ma ba ta da tsawo: kabbara huɗu ce a tsaye, ba ruku'u ba sujada. Amma kafin liman ya ta da kabbarar farko, a garuruwa da yawa wani daga cikin dangi yakan juyo ya fuskanci jama'a ya yi cigiya: duk mai bin marigayi bashi, ko wanda marigayi ke bi, ya ga wane. Akasari shiru ake yi. Wa zai ɗaga hannu gaban gawa, marayu na kuka, ya ce yana bin kuɗin buhun masara biyu? Kunya ba za ta bari ba.

Shirun nan ba shaida ba ne cewa babu bashi. Hidimar gangar jiki tana ƙarewa cikin 'yan sa'o'i, amma abin da ke tsakanin mamaci da mutane yakan yi shekaru yana jan ƙafa, wani ma har a kai ga gaban alƙali. Mu ba mutanen da aka bari ba wa'azin mutuwa ba ne. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u ake rera mana waƙoƙin tsoron kabari da tsayuwar hisabi, har zuwa Infirajin Malam Aliyu Namangi na Zariya da makafi suka yi ta yawo da shi ƙofa-ƙofa. Mun ji, mun kuma gaskata. Sai dai a ganina rabin shiri muke yi. Muna gyara tsakaninmu da Ubangiji, wanda Shi mai gafara ne in aka tuba, mu bar tsakaninmu da bayinsa a dagule, alhali haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai an biya shi ko shi da kansa ya yafe.

Cigiyar da ake yi gaban makara tana da asali. Ya tabbata a hadisi cewa an taɓa kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gawar wani mutum don ya sallace shi. Da ya tambaya aka ce ana binsa 'yan dinarai, biyu ko uku bisa bambancin ruwaya, kuma bai bar abin biya ba, sai ya ja baya ya ce sahabbai su sallaci ɗan'uwansu. Sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin sannan ya shige gaba. Daga baya da Allah ya yalwata wa Musulmi, shi da kansa ya riƙa biya wa irin waɗannan mamatan. A cikin Sahihu Muslim kuma ya zo cewa wanda ya yi shahada ana gafarta masa komai ban da bashi. In har shahidi bai tsira ba, ina ga ni da kai da ke fatan cikawa a kan katifa?

Alƙur'ani, a aya ta 54 ta Suratur Rum, ya kasa rayuwar ɗan Adam gida uku: rauni, sannan ƙarfi, sannan a koma rauni da furfura. Kowane mataki da irin nauyin da mutum ke ɗaukar wa kansa. Yaro dai ba a rubuta masa laifi sai ya balaga. Daga balaga alƙalami ya hau kansa, kuma daidai lokacin ne ƙuruciya ke raɗa masa cewa mutuwa ta tsofaffi ce. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna matsakaicin tsawon rai a Nijeriya bai kai shekara 60 ba. Gaskiya ne mace-macen ƙananan yara ne ke jan wannan adadi ƙasa, amma duk mai zuwa jana'iza ya san yawan samarin da hatsarin mota da na babur ke ɗauka, da 'yan matan da ke tafiya wajen haihuwar fari. Bashin saurayi ƙanana ne, shi ya sa ake raina su: rancen da ya ci a manhajar waya, zubin adashen da ya kwasa bai gama biya ba, cikon kuɗin ɗinkin kayan sallah, ragowar sadakin da aka ce ajalan ne aka kuma manta da shi bayan biki. Wannan na ƙarshe bashi ne cikakke, kuma matarsa ce ke binsa, ko da ba ta taɓa buɗe baki ta tambaya ba.

Inda abin ke cakuɗewa sosai shi ne shekarun magidanci. Shekara arba'in ita ce Suratul Ahƙaf ta ambata a matsayin cikar ƙarfi da hankali, ta kuma haɗa ta da addu'ar godiya da roƙon shiryuwar zuriya da tuba. A wannan lokaci ne mutum ke da shago da yaran shago, da abokin haɗin jari, da filin da ya saya da sunan ƙanensa don gudun idon mutane, da ajiyar wata gwaggo da ta ba shi kuɗin awakinta ya juya mata. Kasuwancinmu kuwa a kan amana ya ginu. A Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau ana ɗaukar kayan miliyoyi da kalmar baki, a ce sai an sayar a kawo. Wannan yarda abin alfahari ce, ban ce a bar ta ba. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani duka, ta 282 a Suratul Baƙara, ba kan salla ko azumi ta sauka ba. Kan rubuta bashi ne da kafa masa shaidu, ƙarami ne ko babba. Mu kuwa in ka ce wa aboki a rubuta, sai ya ɓata rai ya ce ashe ba ka yarda da shi ba. Ba shi ne ba a yarda da shi ba. Ranar da ɗayanku ya faɗi, magada ne za su zauna, kuma su ba su san abin da kuka ƙulla a bakin rumfa ba.

Labarin Zubairu ɗan Awwam, kamar yadda Buhari ya kawo shi, ya isa misali. Ranar yaƙin Raƙumi, a shekara ta 36 bayan hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya gaya masa yana jin ba zai wuce ranar ba, kuma babu abin da ya fi damunsa kamar bashin da ke kansa. Ba cin bashi ya yi don sharholiya ba. Mutane ne ke kawo masa ajiya, shi kuma sai ya ƙi karɓa da sunan ajiya, ya ce a mai da ita rance, domin in ta salwanta ya zama dole ya biya. Da aka lissafa, abin ya kai miliyan 2 da dubu 200. Abdullahi ya sayar da wani fili na mahaifinsa da ake kira Gaba, kusa da Madina, ya biya duk wanda aka sani. 'Yan'uwa suka ce to a raba gado. Ya ce ba yanzu ba. Sai da ya shekara huɗu yana shela a taron aikin hajji, ko akwai sauran mai bin Zubairu, sannan ya raba. Umar ɗan Haɗɗabi ma, yana kwance da raunin sukar da aka yi masa, ɗansa ya sa ya ƙirga bashinsa, aka samu wajen dubu 86, ya kuma faɗi inda za a nemo a biya. Waɗannan mutane ne da aka yi wa albishir da Aljanna tun suna raye.

Ga mai bin bashi kuma, shiru don kunya ba alheri ba ne ga mamaci. Ko dai ka bari a share makoki ka sami magada da hujjarka, ko ka yafe da bakinka a gaban shaida. Abin da bai dace ba shi ne ka yi shiru a fili kana ƙullace da shi a zuci.

Sai tsufa. Annabi ya bar duniya yana da shekara 63, ya kuma sanar da cewa yawancin al'ummarsa tsakanin sittin da saba'in suke tafiya. Wanda ya kai nan ya ga sa'o'insa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Kano ba za su manta da watan Afrilun 2020 ba, lokacin da dattawa, malamai da 'yan boko da attajirai, suka riƙa tafiya a jere. Ministan Lafiya na wancan lokaci, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin. Da yawa sun tafi da lissafinsu a ka. Duk da haka, ka cewa dattijo ya rubuta wasiyya, sai ya dube ka ya ce, "Kai yaro, so kake ka kashe ni?" Wannan camfi ne tsagwaronsa. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya nuna bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da tana rubuce a wurinsa ba. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi ciwo mai tsanani a Makka a shekarar hajjin ban-kwana, har ya nemi ya ba da yawancin dukiyarsa sadaka domin 'ya ɗaya gare shi. Annabi ya tsayar da shi a kan sulusi, ya nuna masa barin magada da wadata ya fi barinsu suna roƙo. Sa'adu ya warke, ya ƙara fiye da shekara arba'in a duniya, ya haifi 'ya'ya da yawa. Maganar wasiyya ba ta matso masa da ajali ba ko da taƙi ɗaya.

Tsarin shari'a a kan abin da mamaci ya bari a fili yake. Da farko a cire kuɗin sutura, sannan a biya bashi, sannan a zartar da wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sannan a raba gado. Ba a yi wa magaji wasiyya, domin rabonsa yana cikin Suratun Nisa'i. To wa sulusin nan zai amfana? Ga jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa: muddin baffanninsa na raye, ba shi da gado, ko da a gidan ya tashi. Ga agola, ga 'yar riƙon da ta yi shekaru tana jinyar tsohuwa. Ƙasar Masar ta mai da wasiyya ga irin wannan jika tilas a dokarta tun 1946. Mu a nan sai kakan ya yi da kansa tun yana numfashi. Akwai kuma wani tarko da ke kama mutane da yawa. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka bai wa ya karɓe ta a hannunsa. Maigida ya yi shekara goma yana cewa, "Gidan nan na Hajiya ne," amma bai fita ya damƙa mata ba, bai kafa shaida ba. Ranar da ya rasu gidan ya koma cikin gado, Hajiya ta tashi da tumunin da za ta raba da kishiyoyinta. In kuma sai da ciwon ajali ya kwantar da shi ya yi kyautar, hukuncin wasiyya take ɗauka.

Zamani ya ƙaro nasa. Da, dukiya gona ce da shanu da rumbu, kowa na gani. Yau tana cikin waya, bayan lambobin sirrin da mai ita kaɗai ya sani. Mutane da yawa sun ɗauka sunan da suka rubuta a banki a matsayin makusanci shi ne mai kuɗin bayan ransu. Ba haka ba ne. Shi wanda za a tuntuɓa ne kawai, banki kuma ba ya sakin kuɗi sai da takardar kotu. Asusun da iyali ba su san da shi ba kuwa sai ya yi ta kwanciya, kuma bisa ƙa'idar da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 2024, wanda ya shekara goma ba motsi ana mai da kuɗinsa wani asusu na musamman a babban bankin, har mai haƙƙi ya zo nema. Wa zai nemi abin da bai san da shi ba?

Ba zan shiga saɓanin malamai kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba. Tambayata ɗaya ce: da kuɗin wa ake dafa shinkafar? In daga abin da mamaci ya bari ne, ba a biya bashi ba, a cikin magada kuma akwai marayu ƙanana, to dukiyar wasu ake ci da sunan nema masa rahama. Haka jinkirta rabo da sunan zumunci. Babban wa ya riƙe gona da shago "don kada gida ya watse", mai takaba ta gama wata huɗu da kwana goma ba ta san rabonta ba, mata su yi aure su tafi ba a ba su komai ba, sai wani magajin ya rasu shi ma, gado ya hau kan gado. Lissafin da malami zai gama a zama ɗaya sai ya koma shari'ar jikoki.

Abin da ake bukata bai fi littafi ɗaya na 'yan makaranta ba. Mutum ya rubuta wanda ke binsa da wanda yake bi, da ajiyar da ke hannunsa, da zakkar da bai fitar ba, da bankunan da yake da asusu, da inda takardun fili suke da sunan wanda ke kansu, da abin da yake so a yi da sulusinsa. Ya sa hannu, adilai biyu su shaida. Mace ma haka, domin sarƙarta da tumakinta da kuɗin adashenta dukiya ce, kuma an fi saurin wawashe nata. Duk shekara, lokacin lissafin zakka, a buɗe littafin a soke abin da aka biya, a ƙara sabo. Sannan a gaya wa mutum biyu inda aka ajiye shi, ɗaya a cikin gida, ɗaya a waje.