Wanke wili da birki da kogon tayar mota da yi musu fenti

Wanke wili da birki da kogon taya da sake musu fenti aiki ne na kula da mota wanda mai mota zai iya yi da kansa a gida, in yana da jak da sifana da haƙurin jiran fenti ya bushe. Waɗannan sassa uku su ne suka fi kusa da ƙasa, don haka su ne suka fi shan laka da ruwa da tsakuwa da zafi. Ana yin aikin ne don kyau, amma amfaninsa ya wuce nan: yana rage tsatsa, kuma yana bai wa mai mota damar ganin ɓarnar da datti ya rufe, kamar tsagewar wili ko yoyon man birki. Aiki ne da kuskure a cikinsa kan iya jawo hatsari, domin ana cire taya kuma ana taɓa birki.

Sunaye

Yawancin kalmomin wannan fanni Hausa ta aro su ne daga Turanci ta bakin direbobi da kanikawa, sannan ta daidaita su da tsarin gaɓoɓinta, wanda ba ya son cunkoson baƙaƙe, shi ya sa aka samu birki da sifana da fenti. A maganar yau da kullum taya takan ɗauki roba da ƙarfenta gaba ɗaya, amma masu faci suna bambantawa: taya ita ce robar, wili kuwa, wanda wasu ke ce wa rim, shi ne ƙarfen da ake sanya robar a kansa. Kogon taya shi ne wurin da taya ke juyawa a cikin jikin mota, a ƙarƙashin madigadi.

Inda dattin yake fitowa

Baƙin garin da ke manne wa wili ƙurar birki ce, ba ƙurar hanya ba. Duk lokacin da aka taka birki, fad yana matse faifan ƙarfe, su biyun suna cinye juna a hankali. Garin ƙarfen da ya fito yana sauka a kan wili da zafinsa, ya nutse cikin fenti, in ruwa ya taɓa shi ya yi tsatsa ya bar ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa. Wilin gaba ya fi baƙi saboda birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayar da mota.

Wannan ƙura tana da illa ga lafiya. A da ana haɗa fad ɗin birki da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ke jure zafi, wanda shaƙarsa ke jawo cututtukan huhu har da kansa. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a shekarar 1999, Tarayyar Turai kuma a 2005, amma ana iya samunsa a tsofaffin motoci da kayan gyara marasa asali. Saboda haka ba a hure ƙurar birki da iskar kwamfireso, ba a kuma kaɗe ta a bushe. Ana jiƙa ta ne a goge da tsumma, mai aikin yana sanye da takunkumi.

A Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai ana watsa gishiri a tituna lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuma shi ne babban mai cin kogon taya. Motocin hannu da ake shigo da su Najeriya da Nijar daga waɗannan ƙasashe, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam, sau da yawa suna zuwa da wannan tsatsa a ƙarƙashinsu ko da jikinsu yana ƙyalli.

Ɗaga mota da wanki

Ana ajiye mota a wuri mai shimfiɗe kuma mai tauri, a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin da za su zauna a ƙasa. Ana sassauta notuna tun taya tana ƙasa, sannan a ɗaga. Jak na ɗagawa ne kawai. Bayan an ɗaga sai a ɗora motar a kan matokarin ƙarfe da aka yi don haka. Bulon siminti, da mutane da yawa suke sa wa, yana iya farfashewa ba tare da wata alama ba.

Ba a wanke wili ko faifan birki suna da zafi. Ruwan sabulu da buroshi mai taushi sun isa ga dattin yau da kullum. Ga ƙurar da ta kama, akwai ruwan wanki na musamman mai sinadarin tayogilaikolet, wanda ke haɗuwa da ƙarfe ya koma launin shunayya, ya narkar da shi. Wasu magungunan wankin wili masu ƙarfi kuwa suna ɗauke da asid ɗin haidirofulorik ko danginsa, wanda ke ratsa fata ya yi mummunar ƙuna, ya kuma dusar da alminiyam ɗin da ba shi da fenti. Gara a guje musu a aikin gida.

Fentin wili

Mafi yawan aikin a shiri yake, fesawar kanta mintuna kaɗan ce. Wilin ƙarfe yana tsatsa, sai a kankare shi da buroshin waya har a kai ga ƙarfe mai kyau. Wilin alminiyam ba ya jan tsatsa, amma yana yin farin gari a ƙarƙashin fenti ya kumbura shi. Inda gefen wili ya gogi bakin titi ana cike wurin da fila a goge ya daidaita. Tsagewa ko lanƙwasa ba aikin fenti ba ne, wilin da ya tsage sai gwani ya duba shi ko a canza shi.

Ana fara gogewa da samfefa mai kaushi, kamar lamba 180 ko 220, a ƙare da 400 zuwa 600. Daga nan a share maiƙo gaba ɗaya, domin ko shatin yatsa yana hana fenti kamawa. In ba a cire robar ba, ana rufe ta da takarda da salatif, a rufe bawul ɗin iska. Wasu sukan jera katin karta tsakanin roba da bakin wili, dabara ce mai arha kuma tana aiki.

Fenti hawa uku ne: faraima, sai launi, sai ruwan ƙyalli mai kare su. Alminiyam tsirara yana buƙatar faraima mai ɗan asid da ke cizon ƙarfe, in ba haka ba fentin zai ɓare. Ana riƙe gwangwani da tazarar santimita 20 zuwa 30, a fesa siriri sau biyu ko uku ana jira a tsakani yadda aka rubuta a jikin gwangwanin. Fesawa mai kauri sau ɗaya ita ke sa fenti ya zubo ya daskare. Iska mai ƙura, irin ta hunturu, da damshin damina duka suna ɓata fenti ɗanye, rana mai zafi kuma tana busar da shi kafin ya kwanta. Inuwa mai iska kaɗan ta fi.

Wurare biyu ba a yi musu fenti: bayan wili inda yake haɗuwa da hob, da mazaunin notuna. Fenti a nan yana murƙushewa bayan an ɗaure, ɗaurin ya saki, taya na iya fita mota tana gudu.

Akwai wata hanya da ake fesa garin fenti a gasa shi a tanda mai zafin kusan digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Salsiyas. Ta fi daɗewa, amma aikin kamfani ce.

Birki

Abin da ake yi wa fenti a birki shi ne kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad yana matse faifai, da kuma bayan dram a motocin da ke da birkin dram. Al'adar jan kalifa daga motocin tsere da na alfarma ta samo asali, irin masu birkin kamfanin Brembo na Italiya da aka kafa a 1961. A motocin Porsche launin yana da ma'ana, ruwan ɗorawa alama ce ta faifan kabon da seramik. A motar gida kuwa jan fenti ba ya ƙara wa birki ƙarfi ko kaɗan.

Fentin jikin mota ba ya jure zafin birki, sai fenti na musamman da aka yi wa kalifa. Ana iya shafa shi da buroshi ba tare da an kwance kalifa ba, wannan ya fi sauƙi ga wanda ba bakanike ba. Dole a rufe fuskar faifai, da fad, da robobin fistin da na fil-fil ɗin da kalifa ke zamewa a kansu, da notin fitar da iska, da tiyon mai, da wayar na'urar ABS. In an kwance kalifa ba a barinsa yana reto a jikin tiyo, ana rataye shi da waya. In an buɗe tiyon, sai an fitar da iska daga layin mai kafin a tuƙa. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana cin fenti, ɗigo ɗaya a kan sabon aiki sai a wanke shi da ruwa nan take.

Kogon taya

Yawancin motocin zamani suna da murfin roba a cikin kogon, wanda ƙananan maɓallai ke riƙe da shi. Laka tana taruwa a bayansa da leɓen madigadi, ta riƙe damshi, tsatsa ta fara daga ciki. Ana cire murfin a wanke, a bar wurin ya bushe sarai. Tsatsar sama ana kankare ta, a shafa maganin da ke ɗauke da asid ɗin fosforik ko tanik, wanda ke mayar da ita baƙar fata mai tauri, sannan faraima, sannan baƙin shafi mai roba ko kwalta. Shafa wannan a kan tsatsa ko laka yana ɓoye ɓarna ne tana ci gaba a ƙarƙashi. Inda ƙarfe ya huje, sai walda. Ba a fesa shi a kan salansa ko shokazoba ko birki.

Mayar da taya

Ana fara ɗaura notuna da hannu, sannan a matse su a tsallake, wannan da na daura da shi, don wili ya zauna daidai. Ƙarfin ɗauri yana cikin littafin mota, a ƙananan motoci yawanci tsakanin mita-niyuton 90 zuwa 140 ne, ana aunawa da sifana mai ma'auni. Hawa kan sifana da ƙafa yana miƙar da ƙusoshin. In an cire darmar da ke daidaita wili lokacin fenti, sai an koma wurin masu balansin. Kafin mota ta motsa ana taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri, bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 kuma a sake duba notunan.