Wa Ke Raɗa wa Kaka Suna?

Ranar da 'yata ta fari ta sauka, kafin in isa asibiti wayata ta cika da tsokana. Wani abokina da muka yi firamare tare cewa ya yi, "To tsoho, sai a daina shafa wa gemu dayis, asiri ya tonu." Na yi dariya, amma a hanya wata tambaya ta tsaya mini a rai: idan bakin yaron nan ya buɗe, me zai riƙa ce mini?

A Amurka da Ingila mutane kan zaɓi sunan tun jikan yana ciki, har a yi shawara da surukai don kada kakanni biyu su yi karo. Duk da haka sau da yawa bakin yaro ne ke yanke hukunci. Sarauniya Elizabeth ta Biyu, duk da sarautarta, Gan-Gan tattaɓa-kunnenta Yarima George yake ce mata, kamar yadda mahaifiyarsa ta bayyana a 2016.

A wurinmu jika tarar da sunan yake yi a bakin mutanen gida. Idan 'ya'yanka Baba suke ce maka, shi ma Baba zai ce. Idan Alhaji ne ko Malam, haka zai ɗauka. Ita kalmar kaka an fi jin ana kiran mata da ita gaba da gaba, maza kuwa sai dai a ce "kakansa ne" idan ana ba da labari. Rikicin yana tasowa ne idan yaro ya ga yana da Baba uku, mahaifinsa da kakanni biyu. Nan sai dabara ta shigo: Baba Tsoho, Baban Kano, Baban Zariya, Alhajin Gidan Gona. Gari ko unguwa ko sana'a sai ta zama alamar rarrabewa.

Alkunya ma tana da hannu a ciki, musamman ga jikan fari. A al'ada mace kan koma gidan iyayenta wankan jego a haihuwar fari, ta yi kwana 40 ko fiye. Ita tana kunyar ɗan fari, ba ta kama sunansa, a gaban manya ko wasa ba ta yi masa. Kakanni ne ke ɗauka, su ne ke lallashi, kuma sau tari a wurinsu ake kai shi yaye. Shi ya sa za ka ga saurayi da gemunsa yana ce wa kakarsa Inna ko Mama, mahaifiyarsa kuwa Anti ko Yaya, domin abin da ya ji ƙannenta suna faɗa ke nan.

Idan kuma aka yi maka takwara, to an karɓe sunanka ne gaba ɗaya. Ɗanka da surukarka ba za su iya buɗe baki su kira sunanka na yanka ba, sai a saya wa yaron da Abba, Abbati, Halifa ko Babangida. Mace mai sunan kakarta ta zama Ummi, Mami ko Uwani. Gidan da aka saba da Abba ɗaya sai ya wayi gari da biyu, dole a ƙara wa tsohon wani abu, ya koma Abba Babba. Ashe ranar bakwai, da aka yanka rago aka raba goro, mutum biyu aka raɗa wa suna, ɗayan dai bai sani ba.

Abin da ya sa nake ganin maganar ba ƙarama ba ce shi ne wasan jika da kaka. Tsakanin ɗa da uba akwai nauyi, tsakanin jika da kaka kuwa an ɗage shi. Jika mace matar kakanta ce, yana ce mata amarya, tana ce masa ya cika rowar kuɗin cefane. Jika namiji mijin kakarsa ne, abokin takarar tsoho, ana faɗa a kan wa ya fi iya noma. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yadda irin wannan wasa ya daɗe a gidajenmu. Ta wannan ƙofa yaro ke faɗa wa kakansa abin da ba zai iya faɗa wa ubansa ba. A addini ma akwai madogara: Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, 'yar Zainab, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta.

Don haka ba na goyon bayan abokaina masu gudun tsufa, waɗanda ke cewa lallai sai jika ya ce musu Dadi kamar yadda yake ce wa ubansa. Wanda ya karɓi sunan uba ya karɓi nauyin uba, yaro zai riƙa nutsuwa idan ya shigo. Haka wanda ya dage sai an kira shi da sarautarsa ko muƙaminsa. Yaro ɗan shekara 2 ina ruwansa da Darakta?

Wanda yake da sunan da yake so, bakin uwar yaron zai nema, don ita ce ke cewa "je ka gaida wane" sau goma a rana. Ni haka na yi. Na kira 'yata na ce mata Kaka nake so, ba ƙari ba ragi. Ta sunkuyar da kai tana murmushi ta ce, "To Baba, in sha Allahu." Ta kuwa yi ƙoƙari. Sai dai yaron a ɗakin kakarsa yake wuni, ita kuma Malam take ce mini tun aurenmu. Yana da wata 16, ina alwala a tsakar gida, ya tako ya kama butar ya ce, "Alam, ba ni!"

Jiya na ji mai kawo mana ruwa yana tambaya a zaure ko Alam yana ciki.